Abin da uwar adashi ta riga mu sani

Na fara aikin malamin gona a fadamar Augie a shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na Bankin Duniya ke kawo injinan ban-ruwa. Tun kafin mu zo ake fama da bashin noma. An kafa bankin manoma a Kaduna a 1973, asusun lamunin bashin gona ya biyo baya a 1977, kuma kowane tsari a takarda lafiya lau yake, muddin kowa zai yi abin da aka zata.

Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Dabarar ta burge mu. Manomi ya shiga ƙungiya, a ba shi iri da taki bisa kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100, in ya girbe ya kai shanshera kamfanin casa, a cire bashin daga ciki. Noman rani ya bunƙasa, har aka buɗe kamfanin casa na WACOT a Argungu a 2017.

Sai dai ɗan kasuwa na zuwa har bakin gona da kuɗi a hannu. Mutum ɗaya ya sayar masa da daddare, ba abin da ya same shi, baɗi goma suka bi sahu. Wanda ya biya ya zama abin dariya a majalisa. Da ambaliyar 2020 ta cinye gonaki kuwa, mun kasa bambance wanda ruwa ya ci da wanda ya fake da ruwa.

Masana tattalin arziki irin su Hurwicz da Maskin da Myerson, da suka sami kyautar Nobel a 2007, sun yi suna ne a kan yadda za a tsara doka ta sa faɗin gaskiya ya fi riba. Almajiransu yanzu tambayarsu ita ce: in wasu suka kauce fa, tsarin zai tsaya?

Gwaggona, uwar adashi ce a unguwarmu, ba ta taɓa ɗauka kowa zai cika alkawari ba. Sabuwar shiga ita ce ƙarshen kwasa, sai ta gama zubi ta ga kuɗi. Wadda ta taɓa makara, a zagaye na gaba a mayar da ita baya. Mu kuwa ranar rabon taki, wanda muka sani shekara ashirin da wanda muka fara gani da safen ranar buhu ɗaya muka ba su.