Na'urar Amsa-kuwwa da Likitocin Farfaɗo da Gaɓoɓi

Yawancinku kun san na'urar nan da ake goga wa mai juna biyu a ciki, a ga ɗa a allo. Yau zan ba ku tarihinta, da yadda take jawo samarin likitoci zuwa wani aiki.

Na'urar tana aika wani siririn sauti wanda kunne ba ya ji, ya bugi nama ko ƙashi ya komo kamar amsa-kuwwa, sa'an nan ta mai da shi hoto. A 1955 wani likita na birnin Gilasgo, Ian Donald, ya tafi ma'aikatar da ake neman tsaga cikin ƙarfe da irinta, ya gwada ta a kan ƙarin da aka yanko daga majiyyata. A 1958 ya buga abin da ya gano. Daga baya aka juya ga gaɓoɓi. A 1972 an duba kumburin bayan gwiwa da ita, a 1980 kuwa Reinhard Graf na Ostiriya ya nuna yadda ake duba ƙugun jarirai.

To, akwai wani reshen aikin likita, watau farfaɗo da gaɓoɓin wanda ya naƙasa. Ya yi ƙarfi a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Likita Howard Rusk ya riƙa horar da sojan da suka ji rauni har su koma aiki. A 1947 aka kafa hukumar jarraba likitocinsa.

Ga wahalar. Kowane sabon likita shi yake zaɓen reshen da zai ƙware a kai, na wannan kuwa shekara 4 ne a Amurka. Da yawa sukan gama makaranta ba su san shi ba, gama aikinsa a hankali yake, ba ya tashe kamar fiɗa. Da na'urar ta ƙanƙance har ana ɗaukarta a hannu, sai malaman reshen suka shiga koya wa ɗalibai ita. Ɗalibi ya ɗora ta a kafaɗar ɗan'uwansa, ya ga jijiya tana motsi, ya ga inda allura za ta bi. Gani ya kori ji. Mutum ba ya zaɓen sana'ar da bai taɓa gani ba.

Ku da kuke da mai shan-inna ko mai shanyewar ɓarin jiki a gida, ku ne kuka san amfanin irin waɗannan likitoci. Kada ku bar majiyyaci kwance a ɗaki, ku kawo shi a duba. Allah ya ba mu lafiya.