Tarihin Gano Tantanin Ƙwayar Halitta

Tantanin ƙwayar halitta shi ne siririn rufin da ya kewaye kowace ƙwaya mai rai, ta mutum ce, ta tsiro ce, ko ta bakteriya. Shi ya raba abin da ke cikin ƙwayar da abin da ke wajenta, shi kuma yake tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. Ginshiƙinsa shimfiɗa biyu ne na maiƙo, da furotin iri-iri a tsattsarge cikinsu. Kaurinsa bai kai nanomita 10 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Madubin ƙara girma mai aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Wannan ya sa masana suka shafe kusan shekara ɗari suna muhawara a kan siffar abin da babu ɗayansu da ya taɓa sa shi a ido. Da hankali da lissafi suka fara tsinkayo shi, ta hanyar lura da abin da yake bari ya wuce da abin da yake tarewa.

Lokacin da Robert Hooke ya duba ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi a Ingila a 1665, bangon matattun ƙwayoyin tsiro ya gani, mai kauri da tauri, wanda ƙwayoyin dabba ba su da shi. An daɗe ana cakuɗa wannan bango da tantani. Har a 1861 Max Schultze na Jamus yana cewa ƙwayar halitta curin majina ne kawai mai cibiya a tsakiya, ba ta bukatar wani rufi.

Hujjar farko daga wajen ruwa ta fito. A 1748 wani limamin coci a Faransa, Jean-Antoine Nollet, ya cika kwalba da barasa, ya ɗaure bakinta da mafitsarar alade, ya nutsa ta cikin ruwa. Bayan 'yan sa'o'i mafitsarar ta kumbura sumtum, domin ruwa ya ratsa ta ya shiga, barasar kuwa ba ta samu fita da irin wannan saurin ba. Wilhelm Pfeffer, masanin tsirrai a Jamus, ya auna ƙarfin wannan matsi a 1877, ya kuma yanke cewa dole akwai wata fata da ba a gani a jikin ƙwayar, mai barin ruwa ya wuce ta hana sukari. Ɗalibin sakandare ma zai iya ganin hujjar da ɓawon jan albasa. In ya ɗiga masa ruwan gishiri ya duba a madubi, zai ga jan abin da ke cikin kowace ƙwaya ya tsuke ya janye daga bango, bangon yana nan tsaye, jan launin kuma bai tsiyaye ba. Akwai abin da ya riƙe shi ke nan.

To, da me aka yi wannan fata? Charles Ernest Overton, haifaffen Ingila da ke aiki a Jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan, shi ya amsa tsakanin 1895 da 1899. Ya gwada ɗaruruwan sinadarai a kan ƙwayoyin tsiro da na dabba, ɗaya bayan ɗaya, yana lura da saurin shigarsu. Sai ya ga duk sinadarin da ke narkewa cikin mai yana shiga da sauri, wanda ya fi son ruwa kuwa yana shan wuya. Ya ce ashe rufin maiƙo ne, har ya ambaci kolestarol da lesitin, kuma dukansu an same su a ciki daga baya. Shi da Hans Meyer, kowa a nasa ɓangaren, sun gano cewa ƙarfin maganin sa barci na tiyata yana tafiya da yadda yake narkewa cikin mai. Aiki ne na haƙuri tsantsa, kuma ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda littattafan makaranta suke yi.

A gefe guda kuma akwai masu nazarin mai a kan ruwa, waɗanda babu ruwansu da ilimin halittu. Benjamin Franklin ya ba da labari a 1774 cewa ya zuba cokalin shayi ɗaya na mai a wani tafki a Clapham, kusa da Landan, man ya bazu ya kwantar da ruwan kusan rabin eka. Lord Rayleigh ya maimaita gwajin da man zaitun a 1890, ya lissafa kaurin shimfiɗar ya samu wajen nanomita 1.6. Kayan auna irin wannan shimfiɗa kuwa wata mace ce ta fara haɗa su, Agnes Pockels ta garin Braunschweig, wadda ba ta samu shiga jami'a ba, tana gida tana jinyar iyayenta. A ruwan wanke-wanke ta fara lura da yadda maiƙo ke sauya fuskar ruwa. Ta rubuta wa Rayleigh wasiƙa, shi kuma ya sa mujallar Nature ta buga ta a 1891. Irving Langmuir na Amurka ya inganta kwamin awon nata, ya nuna a 1917 cewa kowace ƙwayar maiƙo tana da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa, don haka a kan ruwa sukan jeru a tsaye, kai a ƙasa, jela a sama.

Hanyoyin nan biyu sun haɗu a 1925 a garin Leiden na ƙasar Holan, a hannun Evert Gorter, likitan yara, da mataimakinsa François Grendel. Sun zaɓi jajayen ƙwayoyin jini, kuma zaɓin akwai hikima, domin a jikin dabbobi masu shayarwa waɗannan ƙwayoyi ba su da cibiya ko wasu tantanai a ciki, duk maiƙon da aka samu daga rufin waje ya fito. Sun ɗebi jinin kare da tunkiya da akuya da zomo da mutum, suka tatse maiƙon da sinadarin asiton, suka shimfiɗa shi a kwamin Langmuir, suka auna faɗinsa. Sai ya zo ninki biyu na faɗin fatar ƙwayoyin. Suka ce ke nan shimfiɗa biyu ne, jela na fuskantar jela a tsakiya, kawuna na fuskantar ruwan ciki da na waje. Daga baya an gano kurakurai biyu a aikin: asiton bai tatso maiƙon duka ba, sannan sun ƙiyasta faɗin ƙwayoyin ƙasa da yadda yake, saboda busassu suka auna. Kuskuren nan ya cike giɓin wancan, amsar ta fito daidai. Wannan bai rage musu daraja ba, domin tunanin da ya kai su ga gwajin ingantacce ne, kuma har yau a kan shimfiɗa biyun nan komai ya tsaya.

Matsayin furotin ne ya fi ɓata lokaci. A 1935 James Danielli da Hugh Davson a Landan suka ce furotin ya lulluɓe maiƙon ta ciki da ta waje. Da madubi mai aiki da lantarki ya zo, J. David Robertson ya nuna hotuna a ƙarshen shekarun 1950: layi biyu baƙaƙe da fari a tsakaninsu, kaurin duka wajen nanomita 7.5. Kowa ya ce ga furotin nan a baƙaƙen layuka, ga maiƙo a tsakiya. A nan ido ya ruɗi masana, domin abin da suka riga suka yarda da shi suka karanta a hoton. Sai a 1966 Daniel Branton ya nuna cewa in an daskarar da ƙwaya aka fasa ta, tantanin yakan tsage ne ta tsakiyar shimfiɗa biyun, kuma a fuskar tsagewar akwai ƙulle-ƙulle birjik, wato furotin ne a nutse cikin maiƙon. A 1970 Larry Frye da Michael Edidin a Jami'ar Johns Hopkins suka haɗe ƙwayar ɓera da ta mutum suka zama ɗaya, suka yi wa furotin ɗin kowace alama da launi daban. Da farko rabi kore ne, rabi ja. Cikin minti 40 launukan sun gauraye, alamar furotin na yawo kamar ɗigon manja a saman romo. S. Jonathan Singer da Garth Nicolson suka tattara waɗannan hujjoji a mujallar Science a 1972, suka siffanta tantanin a matsayin shimfiɗar maiƙo mai ruwa-ruwa da furotin ke ratsa ta suna motsi. Wannan siffa ake koyarwa har yanzu.

Yawancin aikin tantani furotin ɗin nan ke yin sa. Alan Hodgkin da Andrew Huxley sun nuna a 1952, da jijiyar wata halittar teku mai suna sikwid, cewa saƙon jijiya shigar sodiyam ne da fitar fotasiyam ta tantani. Jens Christian Skou na Denmak ya gano famfon da ke mayar da su mazauninsu a 1957, a jijiyar ƙaguwa: yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, yana cin kuzarin ƙwayar. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa a hanji gulukos da sodiyam tare suke shiga ta kafa ɗaya, ruwa kuma ya bi bayansu. Gubar kwalara ba ta lalata wannan kafa. Dalilin ke nan da ruwan gishiri da sukari yake ceto yaro mai gudawa, alhali ruwan gishiri zalla ba ya yi. Likita Dilip Mahalanabis ya tabbatar da amfaninsa a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladesh a 1971, lokacin da ƙarin ruwa ta jijiya ya ƙare. Kafar ruwa ita kanta sai a 1992 Peter Agre ya tabbatar da ita: ya sa ƙwan kwaɗo ya ƙera wani furotin da ya samo a jajayen ƙwayoyin jini, ya jefa ƙwan a ruwa mara gishiri, ƙwan ya kumbura ya fashe.

Furotin na fuskar tantani kuma shi ne ƙofar da wasu cututtuka ke nema. A 1976 Louis Miller da abokan aikinsa suka nuna cewa Plasmodium vivax, ɗaya daga cikin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, yana bukatar furotin mai suna Duffy kafin ya shiga jajayen ƙwayoyin jini. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu, abin da ya sa wannan nau'i bai yawaita a yankin ba, sai Plasmodium falciparum, mai shiga ta wasu ƙofofin. Daga baya an samu masu ɗauke da vivax ba tare da Duffy ba a Madagaska da wasu ƙasashen Afirka, kuma masu bincike suna kan neman ƙofar da ya bi.