Rayayyun da ke Cikin Karofin Zazzau

A labarin Bayajida, da aka zo rabon aiki tsakanin Hausa Bakwai, Kano da Rano aka bai wa sarautar baba. Katsina da Daura suka samu kasuwa, Gobir ta ɗauki yaƙi, Zazzau kuwa, da yake ita ce a kudu, aka ɗora mata samo bayi. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka Zazzagawa ba su da hannu a harkar rini, alhali ƙasarsu ta fi ta Kano samun ruwan sama, auduga da baba kuma suna son ta. A ƙarni na 19, bayan Malam Musa ya ci birnin a 1808, rinjojin sarakuna da attajirai sun cika karkara, bayi na noma hatsi da auduga da baba. Wani kaso na amfanin yana bin fatake zuwa Kano, wani yana tsayawa cikin ganuwa, inda mata ke kaɗi a cikin gida, maza na saƙa da rini da bugu da ɗinki. Har gobe in ana zancen babbar riga mai aikin hannu, sai an ambaci Zariya.

Wannan sana'a, tun daga gona har bakin karofi, a kan ƙwayoyin halitta take tafiya, wato ƙananan abubuwan nan masu rai da galibinsu ido ba ya gani, waɗanda da su aka gina jikin mutum da dabba da tsiro. Marinan birni ba su taɓa sanin akwai su ba, amma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kiwon su.

A fara da audugar kanta. Kowane sili ɗaya na auduga, wanda mace ke ja tsakanin yatsunta, ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak. Daga fatar angurya take tsirowa ranar da fure ya buɗe, ta yi ta miƙewa har wajen mako 3, ta kai tsawon santimita 2 zuwa 3, alhali kaurinta bai kai na gashin mutum ba. A duk duniyar tsirrai, ƙwayoyin da suka kai ta tsawo kaɗan ne. In ta gama tsawo sai ta koma yin kauri, tana shimfiɗa wani sinadari mai suna selulos a jikin bangonta daga ciki, rufi bisa rufi, har ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinta. Ranar da ƙwallon auduga ya fashe, rana ta buge ta, sai ta mutu, ta bushe, ta lotsa, ta murɗe. Wannan murɗewar ce ke sa silin ya kama ɗan'uwansa. Tsohuwar da ta gurje angurya a kan magurji, ta shiɓe audugar, ta dangwali alli ta murza mazari, gawarwakin ƙwayoyin halitta take sarƙawa su zama zare, kuma da silin santsi ne a miƙe, da duk gwanintarta zaren ba zai riƙe ba.

Ganyen baba ya fi wannan abin mamaki. Kowa ya san kore ne shar, babu ɗigon shuɗi a jikinsa. To ina shunin yake?

Ƙwayar ganye tana da bango mai tauri a waje, a bayansa akwai wani tantani siriri wanda shi ke zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita. A ciki akwai cibiya mai ɗauke da DNA, inda tsarin gadon tsiron yake. Akwai wasu ƙananan sassa koraye da ake kira kuloroplas, su ne ke kama hasken rana su haɗa sukari daga ruwa da iska, su ne kuma suka sa ganye ya zama kore. Sannan a tsakiya akwai wata babbar jakar ruwa da ta cinye mafi yawan filin ƙwayar, inda tsiro ke ajiya. Tsiron da ke ba da shuni yana ƙera wani sinadari marar launi mai suna indikan, wanda ke ɗaure da sukari, yana kuma ƙera inzayim ɗin da ke iya tsinke sukarin. Masu bincike a Japan, da suka bi diddigin irin nasu tsiron rinin, sun tarar da indikan a cikin jakar ruwa, inzayim kuwa a cikin kuloroplas. Ƙwayar ta raba su ne kamar yadda mai gida ke raba ashana da kananzir. Muddin ganye na da rai kuma lafiyarsa ƙalau, ba sa haɗuwa. Masana na ganin tanadi ne na kare kai daga ƙwari masu tauna ganye.

Nan ne turmi ke shigowa. In aka yanko baba aka daka, bango da tantani sun fashe, abin da aka raba ya gauraya, inzayim ya tsinke sukarin, ragowar kuma ta ci karo da iskar oksijin ta rikiɗe ta zama shuni. Shi ya sa dakakken baba ke yin duhu a hannun mai curawa. Akan bar shi ya ɗan ruɓa, a cura, a shanya, sannan a kai kasuwa.

Sai dai shuni yana da taurin kai: ba ya narkewa a ruwa. Ko an kwana ana dama shi, ƙura ce kawai ke yawo, in an tsoma zane za ta zauna a bayansa, wanki ɗaya ta tafi. Dukan hikimar karofi a kan warware wannan matsala take.

Marini yana haƙa rami mai zurfi, wani ya fi tsayin mutum biyu, a shafe cikinsa don kada ruwa ya tsiyaye. A cika da ruwa, a zuba toka da busasshen baba, a kifa murfin saƙa a kai. Daga nan sai jira, da motsawa da muciya lokaci-lokaci. Kwana nawa za a yi, wannan ya danganta da yanayi: da bazara abin na sauri, da hunturu sai an yi haƙuri. Marini yana gane baba ya yi ne daga warinsa, da kumfa mai shuɗi da ƙyalli da ke taruwa a sama, da launin ruwan da ke ƙarƙashin kumfar, wanda ke komawa kore-kore mai ratsin rawaya.

Abin da ke faruwa a cikin kwanakin nan aikin bakteriya ne. Mutane sun saba jin sunanta a asibiti, har ana kiran ta ƙwayar cuta, amma mafi yawan ire-irenta ba ruwansu da cutar da kowa. Ita halitta ce mai ƙwaya ɗaya, tsawonta bai wuce kashi 1 zuwa kaɗan cikin 1,000 na milimita ba, ba ta da cibiya irin ta ƙwayar ganye, DNA ɗinta a sake yake cikin jikinta, kuma tana haihuwa ne ta hanyar rabewa biyu. Tana zuwa karofi a jikin curin baba da bangon tsohon rami, wasu irinta a dunƙule cikin wani ƙoƙo mai jure bushewa, sai sun ji ruwa su farka. Ruwan toka yana da kaifi ƙwarai. A ma'aunin pH, ruwan sha yana wajen 7, na ramin rini kuwa yakan kai 10 zuwa 11, abin da ke kashe yawancin ƙananan halittu, har da masu sa ruɓa. Waɗanda ke saura su ne masu famfuna a jikin tantaninsu, suna ta musayar gishiri da waje don kada kaifin ya shige su. Ashe tokar da marini ke awo da ido tankaɗe take yi, ta kori baƙi ta bar ma'aikata.

Ma'aikatan suna cin ragowar ganye. Kowace ƙwaya mai rai, in ta ci abinci ta ciri ƙarfi, sai ta nemi inda za ta sauke wasu ƙananan ɓurɓushin lantarki da ake kira ilektiron. Ƙwayoyin jikin mutum a kan oksijin suke saukewa, dalilin numfashi ke nan. A ƙasan karofi oksijin ya ƙare tun kwanakin farko, don haka bakteriya ke sauke nata a kan ƙurar shuni. Da shuni ya karɓa sai ya sake kama, ya rasa shuɗinsa, ya narke cikin ruwan toka. A wannan halin ne yake ratsa bangon silin auduga. Marini ya tsoma zane, ya murza, ya ɗago: zanen ya fito kore, kafin a ƙirga ɗari iska ta taɓa shi ya fara juyewa shuɗi a gaban idon mai kallo. Oksijin ne ya ƙwace abin da bakteriya ta bayar, shuni ya koma taurin kansa, amma yanzu a maƙale cikin silin. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, har a kai baƙin da ake so. Daga nan sai wurin mabuga, su ɗora a kan gungume su yi ta bugu, wani zanen har da ƙarin garin shuni don ya yi walƙiya. Wannan na saman ne ke zuba a fatar Buzaye masu rawanin ɗan Kura.

Zurfin ramin ma ba don kwalliya ba ne. Ƙasa na riƙe ɗumi daidai dare da rana, kuma ƙaramin baki da dogon ciki na hana iska isa ga ma'aikatan. In abinci ya ƙare, ko kaifin toka ya ragu, ruwan ya mutu ya zama dagwalo, sai a kwashe.

A can Turai, Robert Hooke ya fara ganin ƙwayoyin tsiro a madubin ƙara girma a 1665, Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ga bakteriya a 1676. Sai a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Matthias Schleiden da Theodor Schwann, suka tabbatar cewa tsiro da dabba duk da ƙwayoyi aka gina su. Shekarun nan sun zo daidai da zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda a lokacinsa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya. Louis Pasteur bai fara nuna cewa tsimuwa aikin ƙananan halittu ce ba sai a 1857. Shekara 6 kafin nan Heinrich Barth ya shiga Kano ya rubuta cewa akwai ramukan rini fiye da 2,000 a cikin birnin kaɗai, kowane ana biya masa harajin wuri 700. Zazzau ma ta san kuɗin karofi. Sarakuna na cin harajin bakteriya tun kafin masana su san aikinta.

Magina ma sun ci moriyar ramin. Katsin da ke kwantawa a ƙasa akan kwashe shi, a shanya, a ƙona, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara a yi laso. Da shi ake shafe sabon rami, da shi kuma ake dafe rufin soro don ruwan damina ya zame. A gari irin Zariya, mai yawan ruwa da manyan soraye, wannan ba ƙaramin abu ba ne: marini da majemi da magini kowa na jingine da sharar ɗan'uwansa.

Abin da ya karya sana'ar daga ɗakin gwaji ya fito. Adolf von Baeyer ya gano tsarin sinadarin shuni a 1883, kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na masana'anta a 1897, ba gona ba turmi. Turawan Ingila suka kama Zariya a 1902, shekarar da aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta don samo wa masaƙunsu auduga. Jirgin ƙasa ya iso, aka kafa injin gurza a Zariya, aka kawo irin audugar Amurka mai suna Allen saboda silinta ya fi na gida tsawo, wato dai ƙwayar halittarta ta fi miƙewa, injin kaɗi ya fi son ta. A shekarun farko masu sayen gida sun sha gaban BCGA, don sun fi ta biya, amma a hankali yadin kanti da galura suka cika kasuwa. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922, ta daɗe tana aikin inganta irin auduga, masaƙar Kaduna kuma ta fara aiki a 1957.

Rini bai mutu ba, ya dai sallami ma'aikatansa. Mai rinin zamani yana dafa ruwa a durom, ya zuba soda da hodar haidirosalfait, cikin mintoci ta yi wa shuni abin da bakteriya ke kwanaki tana yi. Ba wanda zai ga laifin mai neman abinci da ya zaɓi sauri. Amma ruwan da yake zubarwa a kwata yana ƙona fata, yana gurɓata rijiya, karofi da yawa kuwa, a Zariya da sauran garuruwan Hausa, sun cike da ƙasa da shara ko an yi gini a kansu. Ko na Ƙofar Mata a Kano, da ake danganta kafuwarsa da 1498, 'yan ramuka ne ke aiki a cikinsa.

Abin dariyar, masana'antun duniya yanzu hanyar da za su rabu da wannan hoda suke nema. A 1999 masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila suka ware bakteriyar da ke narkar da shuni a tukunyar rinin Turawan da, suka sa mata suna Clostridium isatidis. Japanawa sun ware nasu, irin su Alkalibacterium, daga tukwanen marinansu na gargajiya. A 2018 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka sanya wa bakteriyar E. coli gadon tsiron rini, ta riƙa ƙera indikan, suka tsoma yadi a ciki sannan suka zuba inzayim, daidai dabarar da ganye ke yi.

Kowane rami da irin halittun da suka saba da ruwansa da tokarsa da zafin ƙasarsa. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, tana da sashen nazarin ƙananan halittu a Samaru, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Ƙofar Doka. Ya kamata malamai da ɗalibanta su nemi tsofaffin marinan da suka rage, su rubuta yadda suke awon toka da yadda suke gane baba ya yi, su ɗebi ruwan rami da katsi su adana, tun masu ilimin suna raye.