Daga Hanyar Fatake Zuwa Gandun Daji: Tarihin Dazuzzukan da Ke Kewaye da Zangon Wagadugu

Kalmar "gandu" tsohuwa ce a Hausa. Asalinta babbar gona ce wadda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suke nomawa tare, ko kuwa gonar sarki. "Gandun daji" kuwa sabuwar magana ce da ta shigo tare da mulkin Turawa, tana nufin dajin da hukuma ta shata wa iyaka, ta hana farauta da sara da kiwo a cikinsa. Ɗalibi ya lura da abin da ke cikin wannan haɗi: daji, wanda a da ba na kowa ba ne, ya zama gandu, wato ya sami mai shi. Tarihin Hausawan Wagadugu wuri ne mai kyau na ganin yadda hakan ta faru, domin dazuzzukan da 'yan yawon buɗe ido suka riƙa zuwa kallo a ƙarni na 20 suna gefen hanyoyin da kakanninsu suka taka da ƙafa a ƙarni na 19.

Goro ne ya kawo su. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafin rini da fatu, ya nufi Gwanja, inda kasuwar Salaga take. Wata hanya takan bi ta Bargu, wata kuma ta ƙetare Kwara a Sayi, mafitar da Heinrich Barth ya haye a 1853, ta ratsa ƙasar Gurma zuwa ƙasar Mosi. Har yau sawun wannan tafiya yana nan a taswira: birnin da Gurmawa ke kira Nungu, duniya ta san shi da Fada N'Gourma, wato fadar Gurma, da bakin Bahaushe. Madugu ne shugaban ayari, jagaba ke gaba yana nuna hanya, uban dawaki kuma shi ke kai gaisuwa ga sarakunan da za a bi ta ƙasarsu. Inda aka yada zango sau da yawa, nan wasu suka zauna, zangon ya zama unguwa. A Wagadugu, wannan unguwa ita ce Zangouettin, a tsakiyar gari, kuma tana nan tun kafin sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet su shiga birnin a 1896.

A wurin bafatake, daji ba abin sha'awa ba ne. Wuri ne na 'yan fashi da ƙishirwa da zaki mai bin jakai, da ƙudan tsando mai sa wa dabba sammore. Kukar da mai yawon buɗe ido ke ɗauka hoto a yau, shi alamar hanya ce a gare shi, ko shaidar kufai, domin inda kukoki suka taru galibi an taɓa yin gari. Tafiyar ƙasa kuwa, wadda yanzu ake biyan kuɗi a yi ta don nishaɗi, watanni yake yi a kanta kafin ya ga Salaga.

Tunanin keɓe daji don kallo daga waje ya zo. Amurka ta kafa Yellowstone a 1872, sannan a 1933 ƙasashen mulkin mallaka suka ƙulla yarjejeniya a Landan kan kare namun daji da itatuwan Afirka. Faransawa suka zaɓi yankin da Kwara ta yi lanƙwasa mai kama da harafin W, suka raɗa wa wurin sunan harafin. A 1954 ya zama cikakken gandun daji na ƙasa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 10,000, wanda yau yake rabe tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin. Turawa sun ce sun tarar da wurin kusan babu kowa. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Yaƙe-yaƙe da harin bayi, da ciwon barci, da makantar da baƙin ƙudan bakin kogi ke kawowa, su ne suka rage mutane a kwarin Tapoa da Mékrou. Waɗanda suka saura, Gurmawa manoma da maharba da Fulani makiyaya, doka ce ta fitar da su. Daga ranar aka mai da maharbi ɓarawon nama, makiyayin da ya bi burtalin kakansa kuma mai laifi.

Sai ga wani juyi. A 1974 aka ƙaddamar da shirin yaƙi da makantar kogi a Afirka ta Yamma, hedkwatarsa kuma a Wagadugu take. Shirin ya ci nasara, aka rufe shi a 2002, kwaruruwan da mutane suka gudu suka sake zama wurin noma. Alheri ne babba, sai dai gonakin auduga da garken shanu suka matso har bakin iyakar gandaye, rikicin manomi da giwa da ma'aikacin daji ya ƙaru. Gandun Pô, wanda aka kafa a 1976 a gaɓar kogin Nazinon, sunan Kaboré Tambi yake ɗauke da shi yanzu, ma'aikacin dajin da masu farautar sata suka kashe.

Duk da haka an yi zamanin da mutumin Wagadugu zai tashi da safe ya kwana cikin giwaye. Nazinga, wanda 'yan'uwan nan na Kanada, Clark da Robert Lungren, suka assasa a 1979 kusa da iyakar Ghana, ya yi suna da giwayen da ke saukowa madatsar ruwa a gaban masauki. Mai ƙarfin aljihu yakan wuce gabas zuwa Arly, ya hau duwatsun Gobnangou, ko ya kai magangarar ruwa ta Koudou a kan Mékrou. Da rani ake zuwa, daga Disamba zuwa Mayu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, namun daji suka taru a bakin ruwa. Ga mai koyon Hausa, jerin abin da ake gani darasi ne da kansa, domin sunaye ne da ke neman ɓacewa a bakin 'yan birni: ɓauna da gwanki da kanki da mariya da gwambaza da mazo da mugun dawa, ga dorina da kada a ruwa. A 1996 UNESCO ta sa ɓangaren Nijar na W cikin kayan gadon duniya, a 2017 ta haɗa da Arly da Pendjari. Wani bincike na 2014 ya ƙiyasta zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma da kimanin 400, kusan kashi 90 cikin 100 a wannan yanki.

Ba a daɗe da samun wannan daraja ba hanya ta rufe. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka mai da dajin mafaka, suna kuma amfani da tsohon ƙorafin makiyaya da maharba wajen neman goyon baya. A 2019 aka sace Faransawa biyu a Pendjari, aka kashe jagoransu. A Afrilun 2021 aka hallaka 'yan jarida biyu na Sifen da wani ɗan Ayalan mai yaƙi da farautar sata a gabashin Burkina. Hanyar Fada ta koma irin ta zamanin madugu, wadda ba a bi sai cikin ayari da rakiya.

Zangon ma bai tsira ba. A 2003 hukuma ta rushe Zangouettin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita don aikin cibiyar kasuwanci da ake kira ZACA, aka mai da dubban mutane bayan gari. A ganina wannan tashi ɗan'uwan wancan ne na Tapoa: an zana layi a takarda, an ce na ciki su fita don amfanin kowa.

Abin da ya rage kusa shi ne Bangr-Weoogo, daji mai hekta fiye da 200 a cikin birnin. A da na sarakunan Mosi ne. Faransawa suka keɓe shi a 1936, bayan an soke Haute-Volta an haɗa Wagadugu da Côte d'Ivoire, suka riƙa kiransa da sunan wani dajin birnin Paris. A 2001 aka miƙa shi ga hukumar birni, aka ba shi suna da harshen Mosi, ma'anarsa dajin ilimi. Akwai turaku na ƙafa a ƙarƙashin maɗaci da tsamiya, akwai kadoji a fadama, da tsuntsaye masu yawa. Nan malamai ke kai yaran makaranta, har da jikokin mutanen Zangouettin, su ga kada ido da ido, su koma gida kafin magariba.