Daga Famfon Hannu Zuwa Gorar Roba

Hausawa sun daɗe da sanin sirace, amma nebulaiza, na'urar da ke mayar da ruwan magani hazo, likita Sales-Girons ne ya ƙera ta a Faransa a 1858. Da hannu ake buga famfonta. Mai lantarki ta biyo baya a Jamus wajajen 1930, kuma jikokinta ne, masu gurnani, aka fi sayarwa har yau. Ƙarama mai batir, mai tace magani ta raga, sai shekarun 1990 ta fito: ba ƙara, sai tsada da saurin toshewa.

Ga magidancin Rawayya da fukar ɗansa ke tashi da ƙurar hunturu, tambayar farko ita ce wuta. Na'urar da ke jiran NEPA da tsakar dare, ga hanyar Gusau ba ta biyuwa, ado ce kawai.

A 1999, Heather Zar da abokan aikinta a Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar roba mai rabin lita, in an huda gindinta an soka inhela, tana isar da magani huhun yaro kamar mazubin kanti. A matsakaicin tashi, inhela da mazubi na yin aikin nebulaiza. Wanda ya hana yaro magana kuwa, na asibiti ne.