Kira Daga Nesa: Yadda Muka Koye Shi a Jigawa

Mu da muka fara rubuta manhaja a Jigawa a farkon shekarun 2000, a kan layi mai nawa muka koyi sana'ar. Lokacin ne gwamnatin Saminu Turaki ta kafa kamfanin Galaxy a Dutse, aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure, jama'a kuma suna mamakin jihar manoma da ta ɗauki kwamfuta da zafi haka. Intanet ɗin da ke iso mana galibi ta tauraron ɗan'adam yake zuwa. Tauraron yana nesa da ƙasa kusan kilomita 36,000, don haka kafin saƙo ya hau, ya sauka, amsa ta biyo sawu, an ci fiye da rabin daƙiƙa. Hadari ya haɗo kuwa, sai dai haƙuri.

Littattafan da muke karantawa ba su san wannan hali ba. Dabarar da suke koyarwa, wadda ake kira RPC, wato kira daga nesa, ta yi fice ne ta hanyar aikin Andrew Birrell da Bruce Nelson na cibiyar binciken Xerox a Amurka, wanda aka buga a 1984. Manufarsu mai kyau ce: manhajar da ke wannan kwamfuta ta sa waccan kwamfuta aiki, mai rubutu kuma ya rubuta umarnin kamar duk a cikin na'ura ɗaya suke. Wani ɗan tsari a tsakani shi ke ƙulle saƙon, ya tura, ya jira, ya kwance amsa. Kamfanin Sun ya gina nasa a kan wannan tunani, CORBA ta fito a 1991, Java ta kawo RMI a 1997. Amma tun a 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa a Sun suka yi gargaɗi cewa ɓoye nisa yaudara ce, domin kiran da ya bi ta waya yana iya mutuwa a hanya. Mu ba sai an gaya mana ba.

Da SOAP muka fi shan wahala. Shi ne ya yi tashe daga shekarar 2000, kuma bankuna da hukumomi suka rungume shi. Za a ba ka fayil ɗin WSDL mai bayanin ayyukan da sabar ke karɓa, ka haɗa naka ɓangaren da shi. Tambayar da ba ta wuce "nawa ne ya rage a asusun nan" ba, sai a naɗe ta cikin shafi guda na XML. A ofishin da sabar take a ɗakin kusa, ba wanda zai damu. A kan layinmu, allo mai yin kira goma a jere yana nufin ma'aikaci ya zauna ya zuba tagumi, layin mutane na ƙaruwa a bakin taga. Nan muka koyi haɗa tambayoyi da yawa cikin kira ɗaya, da ajiye amsar da ba ta saurin canzawa.

Nawa dai ana iya jure ta. Abin da ke hana barci shi ne shiru. Ka aiki yaro da kuɗi ya kai wa mai shago, yamma ta yi bai dawo ba. Shin a hanyar zuwa ya tsaya, ko ya kai kuɗin, a hanyar dawowa ya maƙale? Daga inda kake zaune ba yadda za ka sani. Ka sake aikawa, wataƙila ka biya sau biyu. Ka ƙi, wataƙila ba a biya ba sam. Wannan ce rigimar da ake yi kullum a rumfunan POS na Yalwawa: na'ura ta ce bai wuce ba, alat ya shigo wayar mai kati, mai POS na rantsuwa bai ga komai ba, kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa. Maganin da sana'ar ta tsaya a kai shi ne kowace buƙata ta tafi da lambarta ta daban. In sabar ta ga lambar da ta riga ta yi wa aiki, sai ta maimaita tsohuwar amsa, ba ta sake taɓa kuɗi ba. Tun da NIBSS, mai haɗa bankuna, ta fara tsarin tura kuɗi nan take a 2011, doguwar lambar da ke kan rasit ita ce abin da banki ke bin sawu da shi in kuɗi ya maƙale.

Daga baya kaya sun yi sauƙi. REST da JSON sun rage nauyin saƙo, Facebook ya saki Thrift a 2007, Google ya saki gRPC a 2015. Ina son gRPC ƙwarai. Kana rubuta yarjejeniyar da ke tsakanin manhaja da sabar a fayil ɗaya, kowane gurbi da lambarsa, saƙon ya tafi a dunƙule, ƙarami, abin da ke da amfani ga wanda ke ƙirga data. Sai dai akwai saituna da ake tsallakewa, kuma su nake fara dubawa in ɗalibi daga Jami'ar Tarayya ta Dutse ya kawo mini aikinsa. Na farko wa'adi: in ba ka sa shi da kanka ba, gRPC ba ya sa maka, kira zai iya rataye har abin da hali ya yi, kamar yadda kan faru in sabis ya ɗauke wa waya a hanyar Kiyawa. Sai sake gwadawa. Dole a riƙa ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji, a kuma saka ɗan bambanci don kada wayoyi dubu su dawo a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya ga watannin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ga abin da ke faruwa in kowa ya koma tiransifa lokaci guda: layi ya cushe, kowa na sake dannawa, kowace dannawa na ƙara cunkoso.

Akwai kuma abin da ya shafi mutanenmu musamman. Wayar da ke hannun ma'aikaciyar lafiya a ƙauye ba za a sabunta manhajarta gobe ba, ba kuma jibi ba. Data tsada, ma'ajiyar wayar a cike. Saboda haka sabar da ka gyara yau dole ta ci gaba da fahimtar manhajar bara. In ka cire gurbi daga fayil ɗin yarjejeniya, ka kulle lambarsa, kada ka ba wani sabon gurbi ita, in ba haka ba tsohuwar waya za ta aiko shekarun yaro sabar ta karanta shi a matsayin nauyinsa. Na ga irin wannan a wani aikin tattara bayanai, kuma ba abin da ya nuna alamar kuskure, sai da wata ma'aikaciya ta lura alƙaluman ba sa kama hankali.

Yanzu yawancin abin da muke ginawa don ƙauyukan da ke kewayen Dutse ba ya jiran amsa nan take. Manhaja na rubuta aikin a cikin waya tare da lambarsa, ta jera shi, in ma'aikaci ya iso inda akwai sabis ta tura ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta goge ko ɗaya sai sabar ta tabbatar ta karɓa.