Daga Tsiron Sha'ir zuwa Kwamin Saniya

Duk macen da ta iya dama kunun zaƙi ta san aikin da ɗanyen dankali ko tsiron hatsi yake yi a cikin ƙullu. Ana zuba shi a gasarar da ta yi kauri, a rufe a bar ta ta kwana, da safe a tarar ta tsinke ta yi zaƙi. Abin da ya tsinka ta wani sinadari ne da ake kira amilas, wanda aikinsa daddatsa sitaci ya mayar da shi sukari. Shi ne kuma yau manyan gonakin madara a Amurka da Turai da Brazil suke saye da kuɗi suna cuɗa wa shanunsu a abinci.

A 1833 ne wasu Faransawa biyu, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka ware shi daga tsiron sha'ir, suka sa masa suna diyastas. Shekara sittin da ɗoriya bayan haka, a 1894, wani Bajapane mazaunin Amurka, Jokichi Takamine, ya yi rajistar hanyar samar da shi daga funfunar koji, wadda mutanen ƙasarsu suka daɗe suna sarrafa shinkafa da waken suya da ita. Kamfanin Parke-Davis ya sayar da shi da sunan Taka-Diastase a matsayin maganin rashin narkewar abinci. Cikin ɗan Adam aka nufa da shi, babu wanda ya kawo saniya a ransa.

Da dalili. Yawun saniya kusan babu amilas a cikinsa, amma tumbinta cike yake da ƙwayoyin halitta masu yin nasu. Masana suka ce zuba mata wani daga waje kai ruwa ne kogi, kuma ko an zuba, ƙwayoyin tumbin za su cinye shi kafin ya taɓuka komai. Wise Burroughs da abokan aikinsa a Iowa sun gwada irin waɗannan sinadarai a kan shanun kiwon nama a 1960, sun ga alamar riba, amma tsada da rashin tabbas suka sa zancen ya kwanta. Masu kaji ne suka yi gaba da irin waɗannan sinadarai a shekarun 1980. Sai a tsakiyar shekarun 1990 binciken Karen Beauchemin a Lethbridge ta ƙasar Kanada ya sake tayar da maganar shanu, shi ma a kan sinadaran narkar da ciyawa ne, ba na sitaci ba.

A ganina, farashin masara ne ya buɗe wa amilas ƙofa, ba wata sabuwar hikima ba. Dokokin Amurka na 2005 da 2007 sun tilasta cuɗa man etanol a fetur, masana'antun etanol suka fara wawure masara, sannan farin 2012 ya kai farashinta inda bai taɓa kaiwa ba. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayar masara sitaci ne, kuma wani furotin mai suna zeyin yana lulluɓe shi, musamman a masara mai tauri irin ta Brazil. Makiyayin da ya ga tsabar masara a kashin saniyarsa ya san kuɗinsa ne a ƙasa. Da masarar tana araha sai ya kau da kai, da ta yi tsada kuwa dole ya tsuguna ya duba.

Gwajin da aka fi ambato shi ne na Jami'ar Wisconsin a 2010, inda aka rage masara aka maye gurbinta da ɓawon waken suya, aka ƙara amilas ga wani rukunin shanun. Waɗannan sun ba da madara mai yawa gwargwadon abin da suka ci. Abin mamakin shi ne, inda aka fi ganin canji a gwaje-gwaje da dama ba narkewar sitacin ba ne, narkewar harawa ce. Bayanin da aka bayar shi ne gutsattsarin sitacin da amilas ya daddatsa suna zama abinci ga ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, sai su ƙara yawa. An harbi tsuntsu, wani daban ya faɗo. Sai dai gwaje-gwajen da suka biyo a 2011, a Wisconsin ɗin da kuma Ohio, ba su ga ƙarin madara na a zo a gani ba. Akwai kuma haɗari: sitacin da ya narke da gaggawa yana tsamar da tumbi, saniya ta daina cin abinci, kitsen madararta ya ragu. Duk da haka kamfanonin DSM da Novozymes sun fitar da amilas ɗin shanu mai suna Ronozyme RumiStar, kamfanin Alltech kuma yana da nasa, Amaize, wanda yake samarwa daga funfunar nan ta Takamine.

Mataki na baya-bayan nan ya tsallake buhun sinadari gaba ɗaya. A 2011 hukumomin Amurka suka amince da masarar Enogen ta kamfanin Syngenta, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta don ta ɗauki amilas a cikin tsabarta. Don masana'antun etanol aka ƙirƙire ta, daga baya aka karkata da ita zuwa kwamin shanu. Masu niƙa masara don abincin mutane sun yi ta adawa da ita, suna tsoron 'yan ƙwayoyi kaɗan su ɓata cikin buhunansu, ƙullun da suke so ya yi kauri ya tsinke musu kamar kunun zaƙi.